Tsohon da ya zuba fistin a gwangwani

A shekarar 1920 wani saurayi ɗan ƙasar Niyu Zilan mai suna Burt Munro ya sayi sabon babur ƙirar Indian Scout. Injin cc 600 ne, iyakar gudunsa kusan kilomita 90 a awa, gudun da ɗan acaɓan yau ba zai ko waiwaya ba. Daga 1926 ya fara taɓa injin, bai kuma sake shi ba har furfura ta cika masa kai.

Ba shi da kuɗin odar kayan tsere, sai ya koma ƙera su da kansa a ɗan shagonsa na garin Invercargill. Tsofaffin fistin yake tarawa ya narka, ya zuba a gwangwani, in ya huce ya fere shi. Silinda daga tsohon bututun gas ya yanko ta. Sandar da ke tura fistin kuwa, daga aksul ɗin katafila ya sassaƙo ta. Bawul da ke gefen injin ya mayar da su sama, taya ma da wuƙa yake kankare ta don ta yi sulɓi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Panteka ta Kaduna ya ga yadda ake narka alminiyam a zuba tukwane, ya san wannan hannu. Munro dai tasa tukunyar wuta take ci a ciki, in ta tarwatse ya jera gutsattsarin a kanta ya sake zubi.

A 1962 ya kai babur ɗin Bonneville, wani shimfiɗaɗɗen filin gishiri a jihar Utah ta Amurka, ya yi gudun kilomita 288 a awa. A 1967, yana da shekara 68, babur yana da 47, injin ya kai cc 950, ya kafa tarihin ajin ƙasa da cc 1000. An rubuta masa kilomita 295. Ashe masu lissafi sun rage masa, sai a 2014 ɗansa ya gano, aka gyara zuwa 296, shekara 36 bayan rasuwarsa.

Babur ɗin yana nan a Invercargill, a wani kantin kayan aiki da ake kira E Hayes and Sons.