Shaida a Kunnen Kuɗi

Duk mai sauraron bayanin kasafin kuɗi ya saba jin "an ware naira miliyan kaza". Kalmar Turancin da ake yawan fassarawa haka ita ce earmark, kuma daga garke ta fito. Tun ƙarni na 16 makiyayan Ingila ke tsaga kunnen tunkiya ko saniya don a san mai ita, kamar yadda Fulanin Gummi da Bukkuyum ke yi wa shanunsu shaida. Daga baya ma'aikatan baitulmali suka are ta don kuɗin da aka keɓe wa wani aiki tun kafin a kashe su. Shaida kuwa mai dabba kaɗai take nunawa, ba ta kora dabbar zuwa gidansa.

Mutanen Anka sun ga haka da idonsu. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare, da Yargalma ta Bukkuyum. An tsabtace ƙauyuka bakwai, Bagega ta rage. A watan Mayun 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850 don magance matsalar, har da tsabtace Bagega, amma kuɗin ba su fito ba sai ƙarshen Janairun 2013. Duk tsawon watannin nan likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ba su iya fara magani a garin ba, domin yaron da aka cire wa guba daga jini, in ya koma wasa a gurɓataccen tsakar gida, sake kwasa zai yi.

Wani zai ce to ware kuɗi yaudara ce, gara a bar wa gwamnati hannu sake ta kashe inda buƙata ta taso. Majalisar Amurka ma ta dakatar da irin wannan keɓewa a 2011, kafin ta dawo da ita a 2021. Sai dai Bagega ba ta goyi bayan wannan ra'ayi ba. Saboda an ambaci adadi, an ambaci gari, shi ya sa ɗan fafutuka Hamzat Lawal da abokansa na ƙungiyar Follow The Money suka sami abin riƙewa, suka yi ta tambaya a Twitter har Shugaba Goodluck Jonathan ya ba da umarnin sakin kuɗin. Da a cikin babban asusun ma'aikatar muhalli aka zuba su ba suna, wa zai iya nuna nairar Bagega? A 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar, aka fara ba yaran magani.