Binciken Salsala ta Hanyar Rubutattun Takardu: Misalin Zuriyar Washington

Ilimin salsala shi ne bin diddigin nasabar mutum daga uba zuwa kaka har iyakar inda hujja ta tsaya. A ƙasashen da Turawan Ingila suka yi wa kaka-gida a Amurka, masu wannan bincike sun fi dogara da takardu iri uku: wasiyya, da takardun mallakar ƙasa, da rajistar coci, wadda aka wajabta ajiye ta a Ingila tun shekarar 1538 domin rubuta baftisma da aure da jana'iza. Kowace daga cikinsu tana da abin da take faɗi da abin da take yin shiru a kansa. Tarihin zuriyar George Washington, shugaban Amurka na farko, ya isa misali.

Ɓangaren Amurka bai wahalar da masana ba. An san cewa John Washington ya sauka a Bajiniya wajen shekarar 1657, ya auri Anne Pope, surukinsa kuma ya ba shi fili eka 700. Wata takardar mallaka ta 1674 ta nuna shi da Nicholas Spencer sun sami eka 5,000 a bakin kogin Potomac, inda daga baya aka kafa gidan Mount Vernon. John ya haifi Lawrence, Lawrence ya haifi Augustine, shi kuma ya haifi George. Tambayar da ta gagara ita ce: ɗan wane ne John a Ingila?

A shekarar 1791 Sir Isaac Heard, babban jami'in kula da nasabar manyan gidaje a Landan, ya aika wa shugaban da wasiƙa yana neman bayani. Washington ya amsa a 1792 cewa bai taɓa mai da hankali sosai ga lamarin ba, sai dai ya ji ana cewa kakanninsa daga arewacin Ingila suka fito. Heard ya duba salsalar gidan Washington na Sulgrave, ya tarar da 'yan'uwa biyu masu suna John da Lawrence. Da yake an san John na Bajiniya yana da ƙane Lawrence wanda shi ma ya yi ƙaura, sai aka ɗauka su ne. Marubuta suka yi ta kwafar wannan zato shekara da shekaru, har ya zama tamkar tabbas.

Takwara ce ta yaudare su. Gidan yana maimaita sunaye daga tsatso zuwa tsatso, kamar yadda Bahaushe yake sa wa ɗansa sunan mahaifinsa. A shekarun 1860 Joseph Lemuel Chester ya nuna cewa waɗancan 'yan'uwa biyu ba su bar Ingila ba: John ɗin ya sami sarautar Sir ya zauna a Thrapston, Lawrence kuwa limamin cocin Purleigh ne a yankin Essex. Chester ya rushe tsohon gini, amma bai sami abin da zai aza a gurbinsa ba.

Henry F. Waters ne ya warware ƙullin, ya kuma buga sakamakonsa a 1889. Abin sha'awa, hujjar ba daga takardar wani ɗan gidan Washington ta fito ba. Ya ci karo da wasiyyar wani Andrew Knowling na garin Tring, wadda aka rubuta a farkon 1650. Knowling shi ne mijin mahaifiyar wata mata mai suna Amphillis Washington, kuma ya lissafa 'ya'yanta shida: John, William, Lawrence, Elizabeth, Margaret da Martha. Rajistar cocin Tring ta nuna an yi wa Lawrence baftisma a 1635, ta kuma ambaci sunan mahaifinsa, Lawrence. Da aka haɗa wannan da takardun kotun gado, sai ta bayyana cewa uban yaran shi ne limamin Purleigh ɗin nan, wanda aka kora daga muƙaminsa a 1643 saboda goyon bayan sarki a yaƙin basasa. Ashe Heard bai ɓata gida ba, tsatso ɗaya ya tsallake. Rasa muƙamin uban da talaucin da ya biyo baya suna kuma taimakawa wajen fahimtar abin da ya sa 'ya'yan suka nemi arziki a ƙetare.

Duk da haka, dacewar sunaye biyu ba ta isa hujja ba, tun da ita ce ta kayar da na farko. Sai da aka nemo takardar da ta haɗa gaɓar teku biyu. Wasiyyar John ta 1675 ta ambaci 'yar'uwarsa Martha. Ita kuma Martha, wadda ta rasu a Bajiniya da sunan Hayward, ta bar wasiyya a 1697 tana ambaton 'yan'uwanta mata biyu da ke Ingila, Elizabeth da Margaret. Sunaye biyar cikin shidan da Knowling ya lissafa suka daidaita, kuma daga takardun da marubutansu ba su haɗa baki ba.

Akwai wani tarko a lissafin kwanaki. Kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila da ƙasashen da take mulka tana kamawa ne ranar 25 ga Maris. Don haka aka rubuta haihuwar George a 11 ga Fabrairu 1731 a tsohon lissafi, alhali a na yanzu 22 ga Fabrairu 1732 ce. Wanda bai lura da wannan ba yana iya raba mutum ɗaya gida biyu.

Wasiyyoyin nan ba magada kaɗai suka lissafa ba. A cikinsu akwai bayi 'yan asalin Afirka, an jera su tare da filaye da dabbobi, galibi da suna ɗaya tilo, ba uba ba kaka. George ya gaji bayi goma yana ɗan shekara 11, bayan rasuwar Augustine a 1743. Jikokin irin waɗannan bayi a yau suna komawa ga takardun gadon iyayengijin domin neman sunan kakanninsu, saboda sau da yawa nan ne kaɗai aka rubuta shi.