Bango ba ya faɗuwa sai ya yi gargaɗi

Akwai maganar da na gaji da ji a wurin zaman makoki. Kowace damina sai an maimaita ta, daga Birnin Ƙonni har Illela. Ɗaki ya rufta kan uwa da 'ya'yanta, a kai su makwanci, a dawo a shimfiɗa tabarmi, sai wani ya ce: "Ƙaddara ce, kwana ya ƙare." Kowa ya gyaɗa kai. Wanda ya kuskura ya tambaya ko an ga alama kafin ɗakin ya faɗi, sai a harare shi kamar ya yi saɓo.

Abin haushi, mu ɗin nan ne ke tura wa juna saƙon murya a WhatsApp wai rana kaza za a yi girgizar ƙasa. Wannan ƙarya ce. Girgizar ƙasa motsin manyan duwatsu ne can ƙarƙashin ƙasa, kuma har yau babu masanin da ke iya faɗin ranarta. Yankinmu ma ba ya cikin wuraren da ta saba afka wa. Abin da ake iya gani tun da wuri shi ne ginin da ba zai jure ba.

Ku tuna da Turkiyya. Ranar 6 ga Fabrairun 2023, da asuba mutane na barci, girgizar ƙasa ta kashe sama da mutum dubu 50 a ƙasar. Su ma Musulmi ne, sun yi imani da ƙaddara, amma kukansu ya zo da fushi. A 2018 gwamnati ta yi wa gine-ginen da suka saɓa ƙa'ida afuwa: ka biya kuɗi, a yi wa gidanka rajista. Masana sun yi ta gargaɗi, aka toshe kunne. Da benaye suka zube, sai aka shiga kamen 'yan kwangila, wasu ma a filin jirgi suna shirin tserewa. A garin Erzin kuwa, cikin lardin Hatay da ya fi shan wahala, babu ginin da ya rushe. Irin ƙasar wurin ta taimaka, kuma hukumar garin ta yi suna wajen ƙin yarda da ginin ganganci.

Tamu girgizar ita ce ruwan watan Agusta. A daminar 2024 kusan mutum 400 suka rasu a Nijar, sama da miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa, kuma da yawa cikin mamatan ginin laka ne ya danne su. Tsohon masallacin Damagaram ya rushe a watan Satumba. Komawa makaranta sai da aka ɗage ta zuwa ƙarshen Oktoba.

Na san wani gida a unguwarmu. Bangon ɗakin uwargida ya tsage tun daga indararo har ƙasa, hannu na shiga. Aka cusa tsumma. Gindin bangon ya jiƙe ya yi baƙi, awaki na ɗaure a jikinsa, ruwan wanki nan yake kwanciya. Magini ya ce a sauke shi. Maigidan ya ce, "Bari kaka ta yi." Ba a kai kaka ba.

To, wannan kuma mu kira shi me? Mun yarda babu mai wuce ranarsa. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya ɗora mana kiyaye rai. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya ji annoba ta ɓarke can sai ya juya da jama'arsa, kuma babu malamin da ya ce imaninsa ya yi rauni. Mu da ke kulle shago da kwaɗo biyu, mu kai albasar Galmi rumbu tun kafin ta ruɓe, me ya sa sai a kan ɗakin da yaranmu ke kwana muke tuna tawakkali? Haƙuri na mai rashi ne. Wanda ya sayar da fili a bakin ƙorama, da wanda ya sa hannu a takardar, da maigidan da ya ga tsaga ya kau da kai, kada su ɓuya bayan haƙurin wasu. Talauci da sauyin yanayi suna da nasu kaso, ban musa ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun watan Afrilu ka zagaya gidanka. Duba gindin bango: in ya zaizaye, a yi masa dabe da yaɓe. Wanda ke da hali ya sa buhu ɗaya ko biyu na siminti a ƙasan bangon. A Malbaza ake yin sa, ba daga wata uwa duniya yake zuwa ba. Hau soro ka share indararo, ka tsawaita shi don ruwa ya zuba nesa da gini. Taɓa azara ka ji ko gara ta cinye ta. Kada ka riƙa labta ƙasa a kan rufi shekara bayan shekara, nauyinta in ta sha ruwa shi ke karya itace. Haƙa wa ruwan tsakar gida hanya, kada kuma ka toshe ta maƙwabci. Ka ɗauke dabbobi da wurin wanki daga jikin ɗakin kwana.

In aka kwana ana ruwa, ka ji ƙasa na zubowa daga rufi, ko ƙofa ta ƙi rufuwa, ko azara na ƙara, fitar da iyali nan take, ko a rumfa ku kwana. Kada a koma ɗauko kaya. Masu gonaki da gidaje a kwarin Maggiya, in hukuma ta ce a tashi, a tashi. Direba kuma ya tsaya ƙorama ta sauka kafin ya tsallaka da fasinja.

Malamanmu, ku sa wannan cikin huɗubar Juma'a kafin ruwan fari. Masu unguwa, ku zaga gida-gida. Kai kuma mai karatu, in ka ajiye wannan takarda, je ka duba bangon ɗakin da 'ya'yanka ke kwana.