Malamai Uku, Kwas Ɗaya, Kowa da Inda Ya Dosa

A watan jiya ƙanwata ta miƙo mini wayarta tana huci, ta ce, "Yaya, duba ka gani." Difloma take yi ta intanet a wata makaranta, kuma malamai uku ne suka raba kwas guda a tsakaninsu. Na farko ya jibge musu fayil goma sha ɗaya a zauren WhatsApp cikin dare ɗaya. Bayan mako biyu na biyu ya dawo yana koyar da abin da na farko ya riga ya gama. Na ukun kuwa bidiyon awa biyu ya turo, ko rabi ba ta kai ba datarta ta ƙare. Ranar jarrabawa sai ga tambaya daga babin da ba wanda ya taɓa shi, domin kowa ya zaci ɗan'uwansa zai koyar.

Na san ɗaya daga cikinsu, sai na tambaye shi ko sun taɓa zama tare kafin a buɗe kwas ɗin. Wai ai kowa ya san aikinsa. Haba malam! Ko tuwon biki ba a ɗora shi sai matan gida sun raba aiki, balle karatun 'ya'yan mutane da iyaye suka biya wa kuɗi.

Abin haushin shi ne kayan wannan aiki na tsara kwas tare ba su da tsada. A shekarar 2015 Clive Young da Nataša Perović na jami'ar UCL da ke Landan suka fito da wata dabara mai suna ABC, bisa aikin Farfesa Diana Laurillard. Zaman minti 90 ne kacal. Ana shimfiɗa babbar takarda a raba ta mako-mako, a kawo katuna kala shida, kowane kala da hanyar koyon da yake wakilta: karatu ko sauraro, bincike, tattaunawa, atisaye, aikin haɗin gwiwa, da ɗalibi ya samar da abu da kansa. Malamai su jera katunan, su manna tauraro inda za a yi gwaji. Nan take za a ga makon da aka bari fayau, da wanda aka cika da kala ɗaya. Kwali da almakashi sun isa.

Malamai, in nisa ya raba ku, ku buɗe takarda ɗaya a Google Docs ko allo ɗaya a Trello, kowa ya yi gyara a nan. Ɗaya na ce. Ku daina wannan ɗabi'a ta jefa wa juna fayil a WhatsApp, yau "na ƙarshe", gobe "na ƙarshe na gaske", har a rasa wanda ake bi. Google Docs na ajiye tarihin gyara, ana ganin wanda ya sauya me da lokacin da ya sauya.

A jikin takardar nan ku ware gurbi, gaban kowane darasi a rubuta sunan mai koyar da shi da nauyinsa da megabait. Abin da murya za ta isar, kar a yi masa bidiyo. Sannan kafin ku saki darasi, ku ari ƙaramar wayar wani ɗalibi ku buɗe shi a kai, da datarku, ba da intanet ɗin ofis ba.