Me ke cinye layin Gumel ranar Alhamis?

Ga kacici-kacici. Wane rubutu ne ake yi ana wankewa kamar na allo, babu mai karanta shi gobe, amma kullum ana biyan kuɗi a aika da shi wani gari?

Riƙe wannan tukuna. Wani ofishin ajiya da lamuni yana da uwar garke a Gumel, wadda rassansa na Maigatari da Sule Tankarkar suke shiga ta intanet. Cikinta akwai kwamfuta ta manhaja, wato kwamfutar da ke zaune cikin wata, a kan Hyper-V. Saboda tsoron gobara aka ajiye wata uwar garken a Gagarawa, aka kunna Hyper-V Replica, tsarin da Microsoft ya shigo da shi cikin Windows Server 2012. Duk minti 5 yana tattara abin da ya canza a faifai ya tura can. Kwana shida lafiya lau. Ranar Alhamis kuwa, kafin azahar alamar lafiyar Replica ta yi ja, kwafin Gagarawa ya koma na safe.

Manaja ya ce wuta ce. Aka duba, hasken rana da batura ba su ko yi ƙifta ba.

Akawu ya ce yaran ofis ne ke kallon bidiyo. Aka toshe YouTube da Facebook. Alhamis ta zo, ja ya dawo.

Sai zato mafi ƙarfi: ai Alhamis ce kasuwar Maigatari. Fatake daga Nijar, shanu, raƙuma, tumaki, dillalai na ta zuba kuɗi ana shigarwa. Ni ma na so wannan amsar, domin ranar ta dace. Amma lissafi ya ƙi. Suna, lamba da adadin kuɗi, ko na mutum dubu ne, 'yan megabait ne kawai. Fayil ɗin da Replica ke tara canje-canje kuwa, mai ƙarewa da .hrl, ya kumbura ya kai gigabait. Ka auna: gigabait 10 a layin megabit 2 sai ya haura awa 11.

To wa ke rubutun?

Muka leƙa faifan ajiyar lissafi. Shiru.

Muka leƙa na Windows. Yana ta tafasa.

Fayil ɗaya. Sunansa pagefile.sys.

Ga yadda abin yake. Ranar kasuwa ma'aikata da yawa suna shiga lokaci guda, sai ƙwaƙwalwar aiki ta cika. Windows ya riƙa sauke abin da ba ta iya ɗauka a cikin wannan fayil, ya ɗauko, ya sake rubuta wani a kai, wuni guda. Replica ba ya tambayar amfanin rubutu. Duk gurbin da aka taɓa a faifai, a wurinsa canji ne, sai ya tura. Ranar da kwamfutar za ta tashi a Gagarawa, abin da ke cikin fayil ɗin bai da sauran amfani ko kaɗan. Kasuwa ta tayar da shi, amma ba kuɗin kasuwa ne ya cushe layi ba. Abin ya dame ni ƙwarai, don ajiyar talakawa ce ke tsaye a bayan wannan tarkace.

Replica faifai yake zaɓa, ba fayil ba. Don haka aka yanka wa pagefile.sys faifansa shi kaɗai, aka cire masa alama a jerin waɗanda ake kwafewa, aka kuma ƙara ƙwaƙwalwar aiki. Haka aka yi wa tempdb, wato wurin aikin wucin gadi na SQL Server, manhajar da ke riƙe da lissafin, tunda ana sake gina shi duk lokacin da manhajar ta tashi.

Sai dai a kula. Dole a tanadi faifai wofi a Gagarawa mai harafi iri ɗaya da na faifan tempdb, in ba haka ba SQL Server zai nemi gidan tempdb ya rasa, ya ƙi tashi. Faifan da ke riƙe da tarihin shige da ficen ma'amala kuma, komai yawan motsinsa, tare da na lissafi yake tafiya.