Hannu Nawa Ɗan Kura Ya Bi

Fatake masu kai haja Agadas sun san babu abin da Buzu ke so kamar baƙin rawanin nan mai walƙiya da ake ce wa ɗan Kura, da sunan garin Kura na kudu da Kano. Amma kaɗan ne cikinsu suka san hannu nawa ya bi kafin ya iso rumfa, don haka sukan yi gardamar tsadarsa ba bisa sani ba.

Mata ke gurje auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya saƙa shi ƙwarya-ƙwarya, sirara ƙwarai, maɗinki ya harhaɗa su da allura. Sa'an nan fari ya tafi karofi.

A nan wahalar take. Ramin rini yakan fi tsayin mutum zurfi, an shafe cikinsa da laso, watau katsin da aka ƙona aka kwaɓa da gashin dabba, domin kada ya yi yoyo. Marini ya zuba ruwa da toka da busasshen baba, ya yi kwanaki yana motsawa da muciya har rini ya nuna. Ba shi da ma'auni sai ido da hanci, in kuwa ramin ya mutu, jarin da ya zuba ya salwanta. Abin mamaki, tufa kan fito kore-kore, sai iska ta buge ta kana ta koma shuɗiya. A tsoma, a shanya, a sāke tsomawa, har ta yi baƙi ƙirin.

Walƙiyar kuwa a mabuga ake samunta. Kumfar da ke tasowa bisa rami ita ake kwashewa a busar, ta zama shuni. Mabuga su shafa shi, su ɗora tufar a gungume, su yi ta dukanta da sanduna masu nauyi har ta ɗauki ido. Shunin nan yakan zuba a goshin mai naɗi, alhali Buzu bai ɗauke shi aibi ba, ado ne a wurinsa.

Bature Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin ƙasar na kaiwa har Tambutu da Tarabulus. A 1897 Jamusawa suka fara sayar da baban da aka haɗa a masana'anta, mai sauƙi da sauri. Karofi da yawa a ƙasar Kano sun cike da ƙasa tun tuni, ko a Ƙofar Mata ramukan da ake rini cikinsu ba su kai waɗanda aka bari yawa ba.