Ilimi Ba Ya Da Takardar Ɗan Ƙasa

A daminar bara na haɗu da wani matashi ɗan Maraɗi a gonakin da ke tsakanin Gwarzo da Kabo. Shekara uku ke nan yana bin manoma yana nazarin ƙuduji, ciyawar nan da ke shanye dawa da gero tun daga saiwa. Ya nemi tallafin bincike daga wata cibiya, aka yaba da aikinsa, sannan aka ce ya kawo takardar shaidar ƙaramar hukumarsa. Nan maganar ta mutu.

Abin ya tsaya mini a rai, domin Kano da baƙi ta gina iliminta. A zamanin Sarki Yaji Wangarawa suka iso daga Mali da littattafansu. A zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya zo daga Arewacin Afirka, ya rubuta wa sarki littafi kan tafiyar da mulki. Ba wanda ya tambaye su garinsu kafin a saurare su. A Maraɗin ma, wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, shi ya yaɗa dabarar renon kututturan itatuwa a gona tun 1983, har filayen da suka bushe suka farfaɗo.

Ban ce a ƙyale 'yan gida ba. Asusun TETFund, da aka kafa a 2011, harajin kamfanonin ƙasar nan ne, kuma malaman manyan makarantun gwamnati yake tallafawa. Haƙƙinsu ne. Sai dai adalci fuska biyu gare shi: ɗan ƙauyen da ba shi da uwa a gindin murhu, da baƙon da ba shi da takarda, ƙofa ɗaya ake rufe musu.

Yanzu da gwamnatin tarayya ta kafa babbar makaranta a Kabo, lokaci ya yi da za a aza harsashi nagari. Ina roƙon shugabanninta da attajiranmu su ware wani kaso na kuɗin bincike da za a bayar bisa ingancin aiki kaɗai, a ɓoye sunan mai nema da garinsa har sai an gama tantancewa. A ba mata da masu bincike na karkara kujera a kwamitin.

Matashin nan ya koma gida da littafin bayanansa. Ƙuduji kuwa yana nan a gonakinmu.